Wasiƙa Zuwa ga Ɗana Kan Filin Bakin Jakara

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyalinka, na samu saƙonka game da filin da dillali ya nuna maka a bakin Jakara, wanda ka ce an yi cikonsa kuma kuɗinsa da sauƙi. Shawarata ita ce ka haƙura da shi, kuma zan faɗa maka dalili.

Ku yaran yanzu kwata kuka taso kuka tarar, amma Jakara rafi ce da ta girmi ganuwar Kano. Tsohon tarihin birnin ya ambace ta tun zamanin Barbushe, lokacin da kurmi mai duhu ya kewaye baƙin ruwanta, mutanen Dala suna girmama wurin. A gefenta Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi. Ko da Baturen Jamus Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da Jakara babban tafki ce mai fadama, ta raba birnin gida biyu. Duk inda ka ga wancan ruwa ya taɓa kwanciya, kwari ne, kuma can ruwan saman unguwanni yake gangarawa har gobe.

Daga cikin birni takan fita ta wajen Fagge da Sabon Gari, ta kwashi abin da gidaje da mayanka suka zubar, ta nufi arewa maso gabas, inda rafin Getsi ke haɗuwa da ita ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, sannan su zuba a madatsar ruwa ta Wasai da ke yankin Minjibir. Da rani za ka gan ta siririya, baƙa, tana tafiya da ƙyar tsakanin ledoji da robobi, masu lambu sun dasa injinan ban-ruwa suna shayar da latas da alayyafo da kabeji. Ina tausaya musu, domin sana'arsu ke nan, kodayake ruwan da suke ja ba abin da za a so wa abinci ba ne.

A irin wannan lokaci dillali yake kai mutum ganin fili. Ka koma a watan Agusta bayan an kwana ana ruwa, ka dubi bangon maƙwabta, za ka ga layin danshi da gishirin kanwa ya ci bulo har gwiwa, ka kuma tambaye su sau nawa suka kwashe katifu cikin dare. Kududdufan da a da suke shanye ruwan damina an cike da yawansu an yi gini, saboda haka nauyin da ke kan Jakara ya ƙaru. Aikin da gwamnatin Kwankwaso ta fara na gina mata magudana da shimfiɗa titi a kanta, wato Wuju-Wuju, ya shafi wani sashe ne kawai na tsawonta.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabtaka, wanda ya fi damuna. Idan ka yi ciko ka ɗaga gidanka, ruwan da ka kora gidan wanda ya fi ka rauni zai faɗa, kuma Allah zai tambaye ka. Ka riƙe kuɗinka, in ka zo ranar Juma'a mu je da kawunka mu duba wani fili a kan tudu, mu tabbatar da takardunsa kafin a yi maganar ciniki.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ka gaida mini jikokina. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.