Barka da Sallah daga bakin tekun Hawai

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da shan ruwa da barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Mu ma lafiyarmu ƙalau, ni da baban yara da jikokinku.

Sallar bana a hanya ta same mu. Hutun makarantar yara ya faɗo a ƙarshen azumi, sai baban nasu ya ce mu leƙa Hawai, tsibiran nan da ke tsakiyar tekun Fasifik, waɗanda suka zama jiha ta 50 ta Amurka a 1959. Mun sauka a babban tsibirin, a yankin Kona. Kun riga mu da awa 11, don haka lokacin da gari ya waye muku kuna shirin tafiya Idi, mu a nan dare ne, wajen ƙarfe 9. Na yi ta duba agogo ina lissafi, ina cewa a raina yanzu Baba ya fito, yanzu Inna na hanzarta yara. Ina so ku san inda nake tsaye a daidai wannan lokacin.

Akwai wani wuri da ake kira Keauhou, bakin ruwan duk baƙin dutse ne da aman wuta ya bari. Tun shekarun 1970 wani otal ya fara haska manyan fitilu cikin teku da dare. Kun san yadda shinge ke taruwa a gindin fitila bayan an ɗauke ruwan sama? To haka wasu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa da ake ce wa filankiton suke taruwa a cikin hasken nan. Su ne abincin wani kifi da ake kira manta, shi kuma ya riga ya gane wurin. Wasu suna shiga jirgin ruwa su sauka cikin tekun don su gan shi kusa. Ni ban iya ruwa ba, yaran kuma ƙanana ne, sai muka tsaya a gaɓa.

Mun fi rabin awa ba mu ga komai ba. Jinjirin wata ya daɗe da faɗuwa, duhu ko ta ina, sai ƙarar igiyar ruwa tana dukan dutse. Mai sunan Baba har ya fara gyangyaɗi a kafaɗar ubansa. Can sai yayarsa ta damƙe mini hannu. Wani abu baƙi, faffaɗa kamar an shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin ruwa, ya shigo cikin hasken a hankali, yana kaɗa fukafukai kamar shaho. Sai ya buɗe baki, ya yi sama, ya kifa da baya, farin cikinsa ya haska fat, ya zagayo ya sake. Haka yake alkafura a wuri guda yana tace abincinsa. Inna, wallahi ban san lokacin da bakina ya fara tasbihi ba. Kafin mu tashi sun zama uku, ba ƙara, ba turereniya, wannan ya wuce wannan ya shigo.

Baba, na san za ku tambaya ko yana cizo. Ba ya cizo, ba shi da dafi a wutsiya kamar wasu danginsa. Ɗan uwan shak ne, babban kifin nan mai kaifin haƙora, jikinsa ba ƙashi sai guringuntsi. Irin da ke zuwa gaɓar nan faɗinsa kan kai mita 3 ko fiye, na can tsakiyar teku kuwa har mita 7. Yana da wasu 'yan fukafukai biyu a gefen baki da yake tura ruwa ciki da su. Idan ya daina tafiya numfashi kan gagare shi, don haka tun daga haihuwa har mutuwa bai san zama ba. Ɗige-ɗigen da ke cikinsa kuma kowane da irin nasa, kamar zanen yatsa, da su masu bincike ke bambance su har su sa musu sunaye. An hana taɓa shi, saboda akwai wani yauƙi a fatarsa da ke kare shi daga cuta. Tun 2009 dokar jihar ta haramta kashe shi ko kama shi, kuma a ganina sun kyauta, domin a wasu ƙasashen ana farautarsa saboda matatar da ke cikin maƙoshinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne haihuwarsa. Uwar ba ta zuba ƙwai kamar yawancin kifaye. Ciki take ɗauka na kusan shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya, yawanci sai ta yi shekaru kafin ta sake. Da na ji haka sai na tuna ke, Inna, hawaye ya zubo mini a cikin duhun nan. Jikarki ta tambaye ni me ya faru, na ce mata kewar kakarta nake yi.

Na ɗauki bidiyo, zan turo wa Yaya ta WhatsApp ya nuna muku, ko da yake duhu ya cinye rabinsa. Ku gaishe mini da Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da Kawu, da Auta. Gobe in Allah ya kai mu zan kira bayan kun yi la'asar, yaran suna so su ba ku labarin da bakinsu. A ci gaba da sa mu a addu'a.

Taku har kullum,
'Yarku