Uwar adashe, wa zai biya idan 'yar zubi ta gudu?

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da iyayen adashe.

Ni tela ce a Kurna, da adashe na sayi keken ɗinkina. Mu 20 ne a namu, kowa na zuba ₦10,000 duk Juma'a, kwasa ɗaya ₦200,000. Uwar adashenmu ce ke shigar da mutum, ita ke tsara wa zai kwasa bayan wa, ita ke cin tarar wadda ta makara, kwasar farko ma tata ce. Ba mu taɓa ƙorafi ba, domin bin bashin mata ba ƙaramin aiki ba ne.

To, bana wata ta yi kwasa ta 4, ta bar gari, waya a kashe. Sai Hajiya, uwar adashen, ta tara mu ta ce duk wadda ta rage ta karɓi ₦190,000 ta yi haƙuri, ƙaddara ce. Na ce, "Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, amma wa ya kawo ta? Mu ko ƙofar gidanta ba mu sani ba." Wadda aka bar wa wuƙa da nama wajen zaɓen mutane, ita ya kamata ta cike giɓin in zaɓinta ya ɓaci. Kwasar farkon nan ai ba kyauta muka ba ta ba, ladan tsayawa ne.

Abin ya ƙara rikicewa tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da zubi ya koma taransifa. Yanzu kuɗinmu na faɗawa asusun uwar adashe, su cakuɗe da na atamfofin da take sayarwa. Wanda ya ajiye a banki, in bankin ya rushe, NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya a banki, na biyan shi har naira miliyan 5. Mu kuwa sai dai a kai ƙara Hisbah, can ma tambayar farko ita ce, ina shaida? Alhali aya ta 282 a Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, cewa ta yi a rubuta bashi, a kafa shaidu. Mu kunya ke hana mu, wai kada a ce ba mu yarda da juna ba.

Zubi na gaba, sai an rubuta sharuɗɗa a littafi, baƙuwa ta zo da mai tsaya mata, kwasarta kuma ta zama ta ƙarshe, in ba haka ba, ni dai ba da ni ba. Na riga na faɗa wa Hajiya.

Wata tela,
Kurna, Kano