Yawon yamma a Dubai: a fara daga bakin ruwa kafin dogon bene

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ke ƙara karɓuwa wurin mutanenmu masu zuwa Dubai, wato yawon nan na yamma da mutum zai biya kuɗi a ɗauke shi a mota tare da ɗan jagora a zagaya da shi gari har dare ya yi.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, abaya da mayafai nake sayarwa. Tun 2008 nake zuwa Dubai saro kaya, lokacin ana kan ginin dogon benen nan da daga baya aka raɗa wa suna Burj Khalifa. Shekara da shekaru iyakacina unguwar Deira: daga masauki zuwa shagunan Naif, daga nan wurin masu kago, in ci abinci in kwanta, kwana huɗu na cika in nufi filin jirgi. Yawancin abokan sana'ata haka suke. Da aka dakatar da ba 'yan Najeriya biza a 2022 na yi wajen shekara biyu ban taka ƙasar ba, saboda haka da aka buɗe a 2024 na ce wannan karon da uwargida da autanmu za mu, su ma su ga inda nake zuwa. A watan Disamba muka je, lokacin sanyinsu.

Garin Dubai da yamma yake farkawa. Da bazara zafi kan haura digiri 40, ga gumin teku da ke sa riga ta manne wa mutum, har hukuma kan hana aikin ƙarfi a cikin rana daga 12:30 zuwa 3:00 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Ko da sanyi ma, kyan garin ba ya fitowa sai an kunna fitilu. Masu shirya yawon sun san haka, shi ya sa a teburin kusan kowane otal za ka tarar da takardunsu.

A irin wannan teburi na yanki tikiti uku. Ƙarfe huɗu da rabi wata ƙaramar bas ta ɗauke mu, mu goma sha wani abu, muka hau titin Sheikh Zayed, jagora na tsaye a gaba da lasifika yana ta zubo lambobi. An tsaya da mu a bakin teku a Jumeirah minti goma, a ɗauki hoto da otal ɗin Burj Al Arab mai siffar filafilan jirgin ruwa, wanda aka buɗe a 1999. Aka shiga da mu tsibirin Palm Jumeirah da aka cike teku aka yi shi kamar bishiyar dabino, nan ma hoto, a koma mota. Sai aka sauke mu a wani shagon darduma da kayan ƙyale-ƙyale wanda babu shi a cikin abin da aka faɗa mana, muka share kusan minti arba'in ana yi mana talla. A watan Disamba rana kan faɗi da misalin biyar da rabi, saboda haka magariba a hanya ta riske mu. Na yi wa jagoran magana, ya ce in bari mu isa. Na san matafiyi yana da sassauci, kuma a ƙarshe mun haɗa ta da lisha a masallacin cikin Dubai Mall, amma ya yi mini ciwo a ce akwai minti arba'in na shagon darduma, babu goma na salla, a garin da ko'ina ka juya akwai masallaci.

Ban ce babu abin kallo ba. Da muka tsaya a gindin Burj Khalifa, bene mai tsawon mita 828 da aka buɗe a watan Janairun 2010, ruwan nan na tafkin gabansa ya fara tashi sama yana rausaya da fitilu, duk bayan rabin awa, uwargida ba ta iya cewa komai ba sai tasbihi. Ni kaina da na saba hango benen daga nesa, tsayuwa a ƙarƙashinsa daban ne. Gani ya kori ji.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a hanyar komawa ya faru. Auta, ɗan shekara goma sha huɗu, ya tambayi jagoran da ɗan Turancinsa na makaranta, ina mutanen nan suka sami kuɗin wannan aiki duka? Jagoran ya amsa da kalma ɗaya: mai. Yaron ya gyaɗa kai ya juyo gare ni ya ce, "Baba, to ai mu ma muna da mai." Na rasa abin da zan ce masa. Na kwana da maganar a raina, domin na sha jin wannan amsa a majalisa a Kano daga bakin manya, kuma ina jin daga irin wannan mota ake kwaso ta.

Kwana biyu bayan haka na yi ƙorafin ga wani mai shago da nake sayen kaya wurinsa tun farkon zuwana, mutumin Kerala ta ƙasar Indiya. Ya yi waya, ya haɗa ni da wani dattijo da ke jagorancin yawon ƙafa a tsohon gari. Mu bakwai ne kawai a tawagarsa. Kafin mu ɗaga ƙafa ya faɗa mana inda za mu tsaya sallar magariba.

Da la'asar sakaliya muka fara daga unguwar Al Fahidi da ke ɓangaren Bur Dubai, wadda a da ake kira Bastakiya. Lunguna ne matsattsu da inuwa ba ta barinsu, gidajen kuma da duwatsun murjani na teku da farar ƙasa aka gina su. A saman gidajen akwai wata hasumiya mai kusurwa huɗu, buɗe ta kowane gefe, ana ce mata barjil. Dattijon ya tsayar da mu a ƙarƙashin ɗaya, muka ji iska na sauko mana a ka. Ta duk inda iska ta kaɗo hasumiyar za ta tare ta ta turo ta cikin ɗaki, mai zafin kuma ta fice ta ɗaya gefen. Da wannan suka yi maganin zafi kafin zuwan lantarki. Fatake ne daga garin Bastak na kudancin Iran suka gina unguwar, kuma abin da ya jawo su shi ne a farkon ƙarni na 20 Sarkin Dubai na lokacin, Sheikh Maktoum bin Hasher, ya ɗauke harajin shigo da kaya, a daidai lokacin da ake tsaurara shi a tashar Lingeh da ke tsallaken teku. Da na ji wannan sai na ƙara matsowa kusa, don wannan magana ce da ɗan kasuwa ke ganewa. Fatake inda aka sauƙaƙa musu suke sauke kaya.

Muka wuce ta gaban tsohon gidan tsaro na Al Fahidi da aka gina a 1787, muka gangaro bakin Khor, mashigin ruwan teku da ya raba tsohon gari biyu. A nan ya zaunar da mu ya ba mu labarin da nake so masu karatu su ji. Zuriyar Al Maktoum sun zo nan a 1833 daga yankin Abu Dhabi. Sana'ar garin ita ce su da fatauci da nutso a teku don ciro lu'ulu'u. A shekarun 1930 kasuwar lu'ulu'u ta rushe, saboda karyewar tattalin arzikin duniya da kuma lu'ulu'un kiwo da Japan ta fara fitarwa, mutane suka shiga yunwa, wasu suka bar garin. Bayan haka yashi ya riƙa cike mashigin har manyan jirage suka daina iya shigowa. Sheikh Rashid bin Saeed, wanda ya hau mulki a 1958, ya ciwo bashi daga Kuwait, 'yan kasuwar gari su ma suka zuba nasu, aka yashe mashigin kamar yadda ake yasar rijiya, aka gyara gaɓarsa. An buɗe filin jirgin sama a 1960, gadar Al Maktoum a 1963. Shi kuwa mai ba a gano shi ba sai 1966, ba a fara fitar da shi ba sai 1969. Da kuɗinsa suka zo, tashoshin ruwa aka gina da su, Port Rashid a 1972, Jebel Ali a 1979. Yau rabon mai a arzikin Dubai ɗan kaɗan ne ƙwarai, mafi yawan man ƙasar, wato Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, na Abu Dhabi ne.

Na dubi Auta, na ga ya yi shiru yana kallon ruwan.

Bayan mun yi magariba a babban masallacin Bur Dubai muka shiga abra, kwalekwalen katako mai inji da ke ɗaukar mutum wajen ashirin, dirhami ɗaya kowane kai, muka tsallaka Deira. Tafiyar ba ta fi minti biyar ba, amma ita ce abin da uwargida ke ba maƙwabta labari har yau: fitilu a kan ruwa, tsuntsayen teku, ƙarar injin. A gaɓar Deira ga manyan jiragen katako a jere ana loda musu firji da tayoyi da buhunan shinkafa zuwa Iran da gaɓar Afirka ta gabas, kayan a jibge a fili. Shekara goma sha shida ina kwana ba nisa da wannan wuri, ban taɓa tsayawa na tambayi ina suke zuwa ba. Muka ratsa kasuwar kayan yaji da turare, muka ɓulla kasuwar gwal, inda matanmu suka fi sani a duk Dubai.

Akwai abu biyu da dattijon ya nuna mana waɗanda wancan na mota bai ko ambata ba. Na farko ruwa. Ya sunkuya gindin wata bishiya ya ɗago wani siririn baƙin tiyo mai ɗiga, ya ce kusan duk koren da muka gani a garin nan da irinsa yake rayuwa, ruwan famfon da muke wanka da shi a otal kuwa daga teku aka jawo shi aka cire masa gishiri a Jebel Ali. Na biyu mutane. Wajen ƙarfe takwas fararen bas-bas suka riƙa wucewa cike da leburori cikin kayan aiki, wasu sun jingina kai da taga suna barci, ana mayar da su masaukansu a bayan gari. Kusan tara cikin goma na mazauna Dubai baƙi ne, daga Indiya da Pakistan da Bangladesh da Nepal da Filifin da ƙasashenmu na Afirka. Hannunsu ne ya ɗora kowane hawa na benayen da muke ɗaukar hoto da su. Ina ganin duk jagoran da zai faɗa maka tsawon bene har mita, amma ya kasa cewa uffan game da waɗanda suka hau shi da siminti, ya tauye haƙƙinsu kuma ya tauye naka. Wannan ya fi shafarmu, mu da samarinmu ke sayar da gona su biya dillali don sun ga hoton Dubai da dare a Facebook.

Ga 'yan'uwana masu niyyar yin wannan yawo, musamman masu tafiya da iyali: kafin ka miƙa kuɗi ka tambayi wuraren da za a tsaya da mintin da za a yi a kowanne, ka tambaya ƙarara ko akwai shagon da za a kai ku, ka kuma ji inda za a yi magariba. In an ce akwai cin abincin dare a jirgin ruwa, a Khor ne ko a Marina, unguwar sababbin benaye ta bakin ruwa, ka bincika tsarinsa, domin wasu akwai kiɗa da rawa, wasu har da giya, ba kowa ne zai so zama da matarsa da 'ya'yansa a wurin ba. In kwananka kaɗan ne ba za ka iya yin yawo biyu ba, ka ɗauki na tsohon gari. Dogon bene ba ya buƙatar jagora: jirgin ƙasan nan mara direba da ya fara aiki a watan Satumbar 2009 zai ɗauke ka daga Deira ya sauke ka a tashar Dubai Mall, kallon ruwan daga bakin tafki kuwa kyauta ne.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne duk ranar da jaridarka za ta sake buga hoton benayen Dubai, a haɗa da na kwalekwalen Khor da na jiragen katakon Deira, a kuma rubuta shekarar da aka yashe mashigin kusa da shekarar da aka gano mai. In wakilinka zai je, ya nemi mai jagoran ƙafa a Al Fahidi, ya isa can kafin la'asar ta yi sanyi, ya riƙe dirhami ɗaya na tsallaka ruwa.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Kantin Kwari, Kano