Ba ƙwayar cuta ba ce, Malam Edita

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan haƙar mai a Kolmani, inda wakilinku ya ce masana na duba "ƙwayoyin cuta" a cikin dutse don sanin shekarunsa. Wannan kalma ta tsaya mini a rai, domin abin da ya kira cuta da shi nake ciyar da iyalina a nan Dammam, inda nake aikin shirya samfurin dutse a ɗakin gwaji.

Sunansu dinoflagellate, 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa masu ƙwayar halitta ɗaya da 'yan bulalai biyu na iyo. Wasunsu kan yi wa kansu kwanso mai tauri su kwanta a ƙasan teku, halittar ta fice daga baya, kwanson ya saura cikin laka har lakar ta zama dutse. Mu kan farfasa dutsen, mu jiƙa shi a asid ɗin hydrochloric, sannan a hydrofluoric, wanda gilashi ma cinye shi yake, shi ya sa sai a mazubin roba. Dutse ya narke, kwanso ya tsira. Mu tace, mu ɗora a kan gilashi.

Wanda na fi so a cikinsu shi ne Dinogymnium acuminatum. Ranar da na fara ganinsa a madubin ƙara girma, malafar kakana ce ta faɗo mini a rai: kamar an kifa malafa biyu baki da baki. A mahaɗarsu akwai kwari da ya zagaye shi kamar ɗamara, daga nan kuma wasu layuka sun miƙe zuwa tsini kamar kunyoyin gona. A can ƙololuwa akwai 'yar ƙofa, ta nan mai gidan ya fita. Galibi bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Na kira abokin aikina, wani dattijo ɗan Sudan, ya leƙa ya ce, "Ya Haj, ka shigo ƙarshen Kiretashiyos ke nan."

Gaskiya ya faɗa: Kiretashiyos shi ne zamanin ƙarshe na su dainoso, manyan dabbobin nan masu kama da ƙadangare na can da. Wannan dangi bai haye shekara miliyan 66 da suka wuce ba, lokacin da su dainoso suka ƙare. In ka same shi, ka san zamanin dutsenka, ka kuma san teku ya taɓa kwanciya a wurin. Ƙasarmu ma haka take: duwatsun Dukamaje a Sakkwato da lakar Fika a Yobe duk shimfiɗar teku ce.

Raɗa masa suna ma sai da aka sha fama. Da fari an jefa irinsa cikin dangin Gymnodinium masu rai a yau, saboda kama. A 1967 masana uku, Evitt da Clarke da Verdier, suka ware masa nasa gida, suka juya tsohon sunan ya koma Dinogymnium. A 1990 kuma Lentin da Vozzhennikova suka sake zare waɗanda malafarsu ta sama ta fi ta ƙasa ƙanƙanta sosai, suka kira su Alisogymnium. Wani zai ce wannan ai neman magana ne. Ni da na ga an yi muhawarar wuni guda a kan inda ɗamarar take, tsakiya ko sama, na san ba haka ba ne: kuskuren suna kuskuren shekaru ne, kuma a kan shekarun ake yanke shawarar inda za a ci gaba da haƙa.

Roƙona, ku gyara kalmar. Ku ce "burbushin halittun teku". Ɗan ƙanena da ke karatun ilimin duwatsu a Zariya shi ya turo mini rahoton, yana tambaya ko in sun taɓa dutsen sai sun sha magani. Na ce masa asid ɗin ne abin tsoro, ya riƙa sa safar hannu biyu.

Naku,
Mai karatunku daga Dammam, Saudiyya