Tarihin cocin Ramseyer na Adum ya shafi mutanen Zango

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankalin 'yan'uwana mazauna Kumasi game da cocin Presbyterian na Ramseyer da ke Adum, wanda da yawanmu muke wucewa ta kusa da shi ba tare da mun san yadda aka yi ya kafu a wurin ba.

Fritz Ramseyer, wanda cocin ke ɗauke da sunansa, ɗan ƙasar Siwizalan ne daga mishan ta Basel, kuma a ɗaure ya fara shigowa garin nan. A 1869 mayaƙan Asante ƙarƙashin Adu Bofo suka kama shi a Anum tare da matarsa Rosa, jaririnsu ya rasu a hanya, suka zauna a hannun Asantehene, wato Sarkin Asante, Kofi Karikari har 1874, lokacin da sojojin Ingila suka doso Kumasi. Maimakon ya yi sallama da ƙasar, sai ya kafa tashar mishan a Abetifi, yana jiran dama, har ya dawo Kumasi a 1896 bayan Turawa sun kama Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya.

Gine-ginensa na farko ba su daɗe ba, domin an lalata su a yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, wanda Asante suka yi da Turawan Ingila. A nan ne labarin ya haɗu da namu: Ramseyer da matarsa sun fake a sansanin Turawa tare da Gwamna Hodgson, kuma sojojin Hausa ne suka tsare sansanin cikin yunwa, su ne kuma suka yi musu rakiya da aka fasa ƙawanya. Ba kowa ne zai yi alfahari da yi wa ɗan mulkin mallaka yaƙi ba, amma haka abin ya faru, bai kuma kamata a ɓoye wa yaranmu ba. A 1907 aka kammala ginin cocin, sansanin kuwa yanzu gidan tarihin sojoji ne.

Ni Musulmi ne, amma ina yaba wa mabiya cocin nan yadda suka adana shekarun gininsu da sunayen waɗanda suka jagorance su, alhali mu a Zango sai a rushe tsohon masallaci a ɗora bene, ba wanda ya ɗauki ko hoton mihirabinsa. Ina roƙon ku tura wakili ya zanta da dattawan cocin, sannan ya bi limaman Aboabo da Asawase ya rubuta abin da suka sani game da masallatan da suka gada.

Naku,
Wani mai karatu daga Asawase, Kumasi