Wasiƙa daga Columbus kan maganar yaron nan

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya yara, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Mu dai nan Columbus ta jihar Ohio lafiya lau sai sanyi da ya fara kunno kai. Ka ce na bar ka a duhu kan maganar yaron nan da muke son karɓa riƙo, to bari in zayyana maka tunda a waya kullum layi yankewa yake.

Ka san a Amurka idan iyaye suka gaza, ko ƙwaya ko duka ko an ɗaure su, hukuma ce ke karɓe yaran ta ba wasu riƙo na wucin gadi tana biyan kuɗin ɗawainiya. Yaran da ke hannunta yanzu sun haura dubu 300. Jarirai kam rububinsu ake, amma yaro ya kai shekara 14 ko 15 sai kowa ya kau da kai wai ya riga ya ƙangare, sai a yi ta yawo da shi gida gida, kayansa a baƙar ledar shara don ko jaka bai da ita, makaranta ma a canza masa ita tsakiyar zango, har ya cika 18 a ce to ka girma je ka nemi na kanka. Duk shekara sama da dubu 15 ke fita a haka ba su da kowa. Gaskiya akwai dokar 2008 da ta ba jihohi dama su ci gaba da tallafa musu zuwa shekara 21, Medicaid kuma, wato inshorar lafiya ta gwamnati, na biya musu asibiti har 26, amma ranar da mai gida ya kore ka don ba ka biya haya ba ƙofar wa za ka buga?

Akwai gidauniyar Dave Thomas nan Ohio, marigayin da ya kafa gidajen abincin Wendy's, shi ma ɗaukarsa aka yi a matsayin ɗa tun yana jariri, ya kafa ta a 1992. Abin da ya burge ni da salonsu, ba sa zama jiran baƙo ya zo ya zaɓi yaro a hoto, fayil ɗinsa ake bi shafi shafi a zaƙulo duk wanda ya taɓa damuwa da shi, goggo ce, tsohon malami ne, maƙwabci ne. Ta irin haka aka zo kanmu, don shekarun baya ni nake koya wa yara ƙwallo a filin bayan masallaci, da aka tambayi yaron wa ya yarda da shi sai ya ambace ni. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Shekararsa 16, Musulmi ne, ba ya yawan magana, kuma har yanzu in ya zo mana hutun ƙarshen mako sai ya ɓoye biredi a ƙarƙashin filo, uwargida ta gani ta yi kamar ba ta gani ba. A Ohio yaron da ya wuce 12 sai da yardarsa ake ɗaukarsa a matsayin ɗa, shi kuma da farko cewa ya yi a'a, tsoronsa kar a goge sunan iyayensa. Na ce masa ai mu ma addini bai yarje mana ba, Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Shi ya sa muke neman kotu ta ba mu riƙonsa na dindindin, sunansa na nan yadda yake, yana kuma iya ziyartar mahaifiyarsa.

Na san za ka ce mu can gida ba ma buƙatar alƙali kafin kawu ya riƙe ɗan ɗan'uwansa, haka ne, amma kai ma ka san 'yan riƙo nawa aka mayar 'yan aiki ba mai tambaya.

Yanzu alfarma ɗaya nake nema. Don Allah ka tambayar min Malam abu biyu, yadda zaman gida zai kasance tsakaninsa da uwargida da 'yata tunda ba muharraminsu ba ne, sai kuma maganar wasiyya, ko zan iya rubuta masa wani abu cikin sulusi. Ka turo min amsar ta WhatsApp kafin mu koma wajen ma'aikaciyar da ke riƙe da fayil ɗinsa.

Ka gaida Hajiya da amarya da duk 'yan majalisa.

Naka har kullum,
Abokinka