Wasiƙa zuwa ga aminina a kan kasuwar waƙa mai cikakken sauti

Mancesta, Ingila

Assalamu alaikum Injiniya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi. Mu nan sai godiya, hunturu ne dai ya kama, ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya yi duhu.

Saƙonka ya iso tun makon jiya tare da guntun aikin da ka turo. A daren na saurare shi sau uku, fitila a kashe. Wurin da tsohon nan mai goge ya ja numfashi kafin ya shiga, da ɗan kartar da izga ke yi kafin sauti ya miƙe, wallahi sai na ji kamar ina zaune a gefen tabarmarsa. Ka yi aiki, Allah ya saka. Shi ya sa ban amsa tambayarka a gurguje ba. Ka ce kana so ka kai aikin nan kantunan intanet masu sayar da waƙa mai cikakken sauti, wato fayil ɗin da ba a matse shi ba, wanda ingancinsa ya wuce na CD, tunda ka ji albam ɗaya yana haura dala 20. Shekara goma ke nan ina sayayya a waɗannan kantuna, ina kuma son su, amma dole in gaya maka halin da kasuwarsu ke ciki kafin ka ɗora rai a kanta.

Farashin da ka ji gaskiya ne. A HDtracks, kantin da 'yan'uwa biyu David da Norman Chesky suka buɗe a Amurka a 2008, an daɗe ana sayar da albam tsakanin dala 18 da 25, gwargwadon nauyin fayil, wanda ake aunawa da bit da kilohaz, ma'aunan ingancin sauti. Mai bit 24 da kilohaz 96 yana ƙasa, mai kilohaz 192 yana sama, alhali faifan CD bit 16 ne da kilohaz 44.1. Ba sai na yi maka bayanin wannan ba, sana'arka ce. Abin da ba ka gani daga nan shi ne yadda ake rabon kuɗin. Mai kanti dillali ne kawai. Kamfanin da ya mallaki waƙar shi ke yanka farashin sari, kuma tun zamanin da iTunes ta fara sayar da waƙa ɗaya senti 99 a 2003, al'adar ita ce kusan kashi 70 cikin 100 ya koma ga masu haƙƙin waƙa. A cikin ɗan abin da ya rage mai kanti zai biya ma'aikata, ya biya kamashon katin banki, ya biya hayar rumbunan da ke ɗauke da fayiloli, ga shi albam ɗaya yana cin gigabait ɗaya zuwa biyu. Wani albam ɗin ma an ba shi izinin sayarwa a Jamus, an hana shi a Amurka, mai saye ya zo da kuɗinsa a hannu a ce masa ba a sayar wa 'yan ƙasarsu. Mutane suna ganin tsadar su ce haɗama ce. Ni da na daɗe ina lura, na fi ganin ɗan tireda ne da babban dila ya ɗaure wa hannu.

Ka dubi waɗanda suka faɗi. Neil Young, mawaƙin nan ɗan Kanada, ya tara sama da dala miliyan 6 daga hannun jama'a a Kickstarter, shafin tara gudummawa na intanet, a 2014 don ya kafa Pono, na'urar sauraro ta dala 399 da kantinta. A tsakiyar 2016 kamfanin Omnifone, wanda ke riƙe musu da rumbun waƙoƙin, ya durƙushe aka sayar da shi, kantin ya rufe da sunan na ɗan lokaci ne, bai sake buɗewa ba. Onkyo ta rufe kantinta na Turai da Amurka a 2019. Acoustic Sounds ta jihar Kansas, wadda masu kunnen sauti ke girmamawa ƙwarai, ta daina sayar da fayiloli a ƙarshen 2020, ta tsaya kan faifan garmaho da sauran abin da ake riƙewa a hannu. Ita kanta Qobuz ta Faransa, wadda yau ake ganin ta fi kowa tsayuwa da ƙafarta, a 2015 sai da ta shiga hannun kotu saboda bashi, kamfanin Xandrie ya saye ta a ƙarshen shekarar.

Amma ranar da na san kasuwar ta juya, a watan Mayun 2021 ce. Apple ta sanar cewa duk mai biyan kuɗin wata zai riƙa sauraron waƙa da cikakken sauti, har zuwa bit 24 da kilohaz 192, ba ƙarin ko sisi. A ranar nan Amazon ta janye ƙarin kuɗin da take karɓa a kan nata. Tidal ta biyo baya a 2024, ta haɗe matakanta ta mayar da su wajen dala 11 a wata. Spotify ma, bayan shekaru tana alkawari, ta kawo sautin da ba a matse ba a Satumban 2025. To ka yi lissafi da kanka. Kuɗin albam ɗaya a kanti zai biya maka wata biyu kana sauraron miliyoyin waƙoƙi da inganci iri ɗaya. Apple da Amazon ba da waƙa suke cin abinci ba, waya da kaya suke sayarwa, ko sun yi asara a nan za su cike a can. Ƙaramin kanti ba shi da wani can ɗin.

Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka sun nuna haka ƙarara. A 2012 sauke waƙa da kuɗi ya kawo kusan dala biliyan 3. A 2023 bai kai rabin biliyan ba, yayin da sauraro kai-tsaye ya kwashe kashi 84 cikin 100 na kuɗin shiga. Faifan garmaho da muka ɗauka ya tafi da zamanin kakanninmu ya ninka saukewa wajen sau uku a shekarar. Kuma a cikin wannan ragowar, waƙa mai cikakken sauti ɗan yanki ce kawai. Ka tuna masu turin waƙa a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, yadda layi yake a gabansu lokacin da muke zuwa da katin memori, da yadda ya ragu da data ta shiga hannun kowa? Ciwon ɗaya ne, sai dai na nan da dala ake jinyarsa.

Waɗanda suka rage, kowa da dabararsa. Qobuz ta haɗa biyu, sauraro da sayarwa, kuma mai biyan babban matakinta na Sublime ana yi masa ragi har zuwa kashi 60 cikin 100 idan zai sayi albam. Ta sayi e-onkyo ta Japan a 2021, ta buɗe a can a 2024, domin Japanawa har yanzu suna son mallakar abin da suke saurare. eClassical ta Suwidin kuwa da daƙiƙa take auna farashi, kamar mai awo da mudu, gajeren kiɗa kuɗi kaɗan, dogo kuɗi da yawa. Wannan tsarin yana burge ni, adalci ne a fili. Sauran kuma sun koma ragi ba dare ba rana. Kusan kowane mako sai saƙo ya shigo min, kashi 15, kashi 20. Mai saye ya gane, ba ya ƙara taɓa kaya sai ranar ragi, ribar da dama ba ta da kauri ta ƙara sirancewa.

Akwai kuma matsalar amana, ita ce ta fi ci min rai. Na taɓa sayen wani tsohon albam a wani kanti, an rubuta kilohaz 96, na biya kuɗi mai kauri. Kunnena bai gamsu ba, sai na buɗe fayil ɗin a manhajar duba sauti. Hoton ya fito, daga kilohaz 22 zuwa sama baƙi ƙirin, an yanke shi kamar da reza. CD ne aka hura aka sa masa babbar riga. Sun mayar min da kuɗina, sun ce haka aka kawo musu, na kuma yarda. Amma mutum nawa ne za su duba? Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya dawowa, kuma ba kantin kaɗai yake gudu ba, kasuwar gaba ɗaya yake bari. Wani karon kuma rumbun ajiyata ya mutu da albam kusan arba'in a ciki, goma sha ɗaya daga kantin da ya riga ya rufe. Ba inda zan je in sake saukewa. Tun daga ranar, duk abin da na saya sai na ajiye shi wuri uku.

Duk da haka ban daina saye ba, kuma ba zan daina ba. Abin da na saya nawa ne, ba mai goge min shi don yarjejeniyar wasu ta ƙare. Kuma kuɗin albam ɗaya yana kai wa mawaƙi abin da sai an saurari waƙarsa sau dubbai kafin ya samu ta hanyar sauraro kai-tsaye.

Game da aikinka, ga shawarata. Galibin manyan kantunan nan ba sa karɓa daga hannun mutum ɗaya, sai ta hannun kamfanin rarrabawa, shi ma da nasa kason. Ka fara da Bandcamp, shafin da mawaƙa ke sayar da waƙoƙinsu da kansu. Kai za ka yanka farashinka, za ka ɗora fayil mai bit 24 yadda ka naɗe shi, su kuma kashi 15 cikin 100 suke cira, ya sauka zuwa 10 idan cinikinka ya kai dala 5,000. Masu neman kiɗan gargajiya na Afirka a can suke taruwa. Bandcamp ɗin ma ba ta tsira ba, Epic Games ta saye ta a 2022, ta sayar wa Songtradr a 2023, kusan rabin ma'aikata suka rasa aikinsu. Don haka ainihin fayilolin su zauna a hannunka, kwafi biyu ko uku, ɗaya a wajen situdiyo. Kada ka ci bashi ko ka taɓa jarin shago saboda wannan. Ka sa farashi mai sauƙi, dala 10 zuwa 12 ya isa, ka rubuta sunan kowane makaɗi da garinsu da irin makirfon da ka yi amfani da shi, masu sayen irin wannan suna karantawa. Kuma kafin komai ka zauna da tsohon da 'ya'yansa ku rubuta kasonsa a takarda, da shaidu.

Ka turo min sauran waƙoƙin shida in saurara. Maganar yadda kuɗin zai iso hannunka, mu yi ta a waya ranar Lahadi bayan la'asar, agogonku. Ka gaishe min da Hajiya da yara, ka ce wa Baba ina yi masa addu'a.

Wassalam,
Naka amini